Gadon halitta da amai bayan tiyata

Tashin zuciya da amai bayan tiyata matsala ce da ke samun kusan mutum 3 cikin 10 da aka yi wa aiki da allurar sa barci. Ba abin rainawa ba ce, domin yunƙurin amai yakan ja ɗinki, ya zuƙe ruwan jiki, ya jinkirta sallama.

A 1999 wani likitan sa barci, Christian Apfel, da abokan aikinsa suka tantance abubuwa huɗu da ke ƙara haɗarin: kasancewa mace, rashin shan taba, taɓa yin amai bayan tiyata ko a cikin mota, da shan magungunan kashe zafi dangin mofin. Wadda ta haɗa duka huɗun, haɗarinta ya kai kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da mutum ya gada daga iyaye ma yana da tasiri, kuma a hanta ne ya fi nuna kansa. Akwai wani sinadari, CYP2D6, mai narkar da magunguna, ciki har da ondansetron, allurar da aka saba yi don tare amai. Ƙwayar halittar da ke samar da shi tana kan kromosom na 22 (ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), kuma wasu sukan gaji kwafinta fiye da biyun da aka saba. Hantar irin waɗannan mutane takan cinye maganin tun bai gama aiki ba, sai a ga an yi allura amma mai jinya na riƙe da roba, majinyaci na ta kwarara amai. Wani bincike na 1996 ya gano irin wannan ƙarin kwafi a kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawan da aka gwada. Shi ya sa CPIC, ƙungiyar masana alaƙar magani da ƙwayoyin halitta, ta ba da shawarar a sauya musu da granisetron, wani maganin tare amai wanda bai dogara da wannan sinadari ba. Tiramadol da kodin kuwa akasin haka suke, don ƙarfi suke ƙarawa a jikin mai saurin narkarwa, tashin zuciyar ma ya ƙaru.

Gwajin ƙwayoyin halitta yana da tsada, kuma bai shiga jerin gwaje-gwajen da ake yi kafin tiyata ba. Don haka wanda za a yi wa aiki, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a wani asibiti cikin Zariya, ya kamata ya faɗa wa likitan sa barci in mota na sa shi amai, ko in uwa ko ’yan’uwa sun sha wahalar amai bayan aiki. Da wannan bayani likita kan haɗa maganin tare amai biyu, kamar dexamethasone da ondansetron, tun a ɗakin tiyata.