Waiwaye: Yadda sunayen ranaku da watanni na Hausa suka shiga Java

Wanda ya taɓa rubuta manhajar fitar da rasit wa wata makaranta a Gombe ya san ƙorafin: komai ya fito da Hausa, amma wurin kwanan wata sai Turanci ya leƙo. Matsalar ta daɗe. A farkon Java, wato yaren kwamfuta da ake rubuta manhaja da shi, harsunan da aka ɗinke a cikinta kawai take sani, kuma babu Hausa a ciki.

A Disambar 2006 Java 6 ta buɗe ƙofa. Mai rubuta manhaja zai gaji ajin DateFormatSymbolsProvider, ya bayyana cewa yana ɗauke da harshen ha (alamar Hausa), ya zuba sunayensa, ya rubuta sunan ajin a fayil cikin META-INF/services, sannan ya jefa ƙunshin a jre/lib/ext.

A nan ake yawan tuntuɓe. Jerin watanni gurbi 13 ne, Janairu a sifili, na ƙarshe fanko. Na ranaku kuwa gurbi 8 ne, kuma na farkon ne fanko, domin Lahadi lamba 1 ce. Wanda ya sa Lahadi a sifili, rasit ɗin ranar Alhamis zai fito da Juma'a, ranar Asabar kuma manhajar ta tsaya cak. Gajarta suna ma sai da lura: harafi biyu ba sa raba Lahadi da Laraba, ko Yuni da Yuli. Haka kuma dole a kira getInstance, don wanda ya ƙirƙiri DateFormatSymbols kai tsaye ya tsallake ƙunshin nasa.

Java 8 ta 2014 ta shigo da CLDR, rumbun bayanan harsuna na ƙungiyar Unicode, wanda akwai Hausa a ciki. Java 9 ta 2017 ta mai da shi zaɓin farko, ta kuma rushe jre/lib/ext. Tsofaffin ƙunsasai suka daina aiki.

To me ya rage musu? Rubutu. CLDR na rubuta Faburairu da Afirilu, alhali takardu da yawa a Bauchi da Gombe Fabrairu da Afrilu suke ɗauke da su, kuma makaranta na da haƙƙin ganin rubutun da ta saba. Mai son nasa ya rinjaya sai ya saita java.locale.providers ya zama SPI,CLDR (wato a duba ƙunshinsa kafin CLDR) tun wajen tayar da manhajar. Idan kuma da java.time, sabon tsarin kwanan wata na Java, yake aiki, ajin DateFormatSymbolsProvider ba zai taɓa shi ba, CalendarNameProvider zai gada.