Labari Mai Ban Tsoro a Ajin Nazarin Adabi: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa za a zaɓi labari mai ban tsoro don koya wa matasa nazarin adabi?

Babban ƙalubalen malamin adabi shi ne ɗalibin da ya haddace ma'anar jigo da salo da zubi da tsari, amma idan aka ɗora masa labari a gaba sai ya kasa nuna ko ɗaya a ciki. Labari mai ban tsoro yana sauƙaƙa wannan, domin tsoro a jiki ake jin sa: tsigar jiki ta tashi, gaba ya faɗi, aji ya yi tsit. Da zarar ɗalibi ya ce ya tsorata, sai malami ya tambaye shi a wane layi abin ya fara, kuma me marubucin ya yi a wurin.

Dole ne ya zama gajere?

Ya fi dacewa. Marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, ya bayyana a shekarar 1842 cewa gajeren labari ya kamata a karance shi a zama ɗaya, kuma kowace jimla ta yi aiki wajen haifar da tasiri guda a zuciyar mai karatu. Irin wannan labari ana iya karanta shi sau biyu a darasi ɗaya, kuma karatu na biyun ne ke da muhimmanci.

Yaya ake tafiyar da darasin?

Malami ya fara karantawa da murya, ya dakata gab da ƙarshe, ya nemi kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru tare da dalilinsa. Bayan an ƙarasa, sai a koma farko da biro a hannu, ana ja wa kalmomi layi: inda aka siffanta wuri da lokaci, inda jimloli suka gajarce, da alamun da marubuci ya dasa tun farko ba a lura da su ba.

Kwatanta jimloli biyu yana taimakawa ƙwarai. Ta farko ta ce, "Wani abin tsoro ya shigo ɗakin." Ta biyu ta ce, "Ta ƙirga takalman da ke bakin ƙofa, sai ta ga sun ƙaru da ƙafa ɗaya." Yawanci ɗalibai za su ce ta biyun ce ta fi tayar da hankali, alhali babu kalmar tsoro a cikinta. Idan suka gano da kansu cewa marubucin ya ɓoye abin ne ya bar musu alamarsa kawai, to sun fahimci salon jan rai fiye da yadda kowane bayani a allo zai fahimtar da su.

Jigo fa, da mai ba da labari?

A ganina nan ne irin wannan labari ya fi amfani. A labarin Poe na 1843, The Tell-Tale Heart, mai ba da labarin yana ta nanata cewa shi ba mahaukaci ba ne, alhali yana bayanin yadda ya kashe wani tsoho saboda idon tsohon yana tayar masa da hankali. Matashi yakan gane nan take cewa ba kowane mai ba da labari ake gaskatawa ba, kuma muryarsa daban take da ta marubuci. Haka kuma masanin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1970 cewa wasu labaran suna barin mai karatu yana wasi-wasi, ko abin da ya faru na gaibu ne, ko kuwa yana da bayani na zahiri. A raba aji biyu, kowane ɓangare ya kare fahimtarsa da hujja daga matanin, ta nan ake kaiwa ga jigo, ko nadama ce, ko kaɗaici, ko alhaki.

Ba zai cutar da ɗalibai ba?

Wajibi ne malami ya karanta labarin tukuna, ya zaɓi mai sa fargaba, ya guji mai zubar da jini barkatai. Idan akwai ɗalibin da aka yi wa rasuwa kwanan nan, a ba shi wani labarin ba tare da an tallata dalili ba.

Wane aiki za a ba su a ƙarshe?

Sakin layi ɗaya ya wadatar: ɗalibi ya faɗi ra'ayinsa, ya ɗauko jimla daga labarin, sannan ya bayyana yadda jimlar ta tabbatar da abin da ya faɗa.