Flavonoid na tsirrai da mummunan kumburin huhu

Flavonoid wasu sinadarai ne da tsirrai ke haɗawa don kare kansu daga hasken rana mai ƙarfi da ƙwari da cututtuka, su ne ma ke ba furanni da 'ya'yan itace da yawa launinsu. An gano iri sama da 6000. Akwai quercetin a albasa da tuffa, hesperidin a lemo, EGCG a koren shayi, sai baicalin daga saiwar wani tsiro da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suka daɗe suna aiki da shi.

Shi kuwa raunin huhu na farat ɗaya, wanda mai tsananinsa likitoci ke kira ARDS, an fara bayyana shi ne a 1967 a Amurka. Yakan biyo bayan nimoniya, ko ƙwayoyin cuta su shiga jini, ko shaƙar hayaƙi, ko amai ya koma hanyar iska. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ce da kanta take wuce gona da iri, fararen ƙwayoyin jini da ake kira neutrophil su yi dafifi cikin huhu suna zuba sinadarai masu ƙona nama, bangon ƙananan jijiyoyin jini ya fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iska, shi ke nan oksijin ya kasa ratsawa cikin jini. Masu tsananin ciwon kusan 4 cikin 10 ba sa tashi. Babban abin da ake yi musu har yanzu injin numfashi ne da magance asalin cutar.

To a nan flavonoid suka shigo. A ɗakin gwaji ana saka wa ɓeraye LPS, wata guba daga jikin bakteriya, sai huhunsu ya kumbura. Waɗanda aka ba quercetin ko luteolin (shi ma wani flavonoid ne) ko baicalin sau da yawa ruwan huhunsu yakan yi ƙasa, neutrophil ɗin ma su ragu. Bayanin da ake yi shi ne waɗannan flavonoid suna danne wani furotin da ake kira NF-κB, wanda shi ke kunna samar da sinadaran TNF-α da IL-6 masu hura wutar kumburi, sannan suna tayar da wani furotin mai suna Nrf2 da ke sa jiki ya samar da nasa kariyar.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. A gwaje-gwajen da yawa tun kafin a saka gubar ake ba da sinadarin, alhali mara lafiya sai ciwo ya riga ya kama shi yake zuwa asibiti, wannan kam babban giɓi ne. Ga shi hanji ba ya tsotsar flavonoid sosai, ɗan abin da ya shiga ma hanta ta canja shi da wuri. Shi ya sa har yau babu wani flavonoid da aka amince da shi a matsayin maganin ARDS, kuma kafso na EGCG idan aka sha da yawa yana iya taɓa hanta.