Hayar Jirgin Kwana a Tafkin Kariba

Jirgin kwana, wato jirgin ruwa mai ɗakunan barci da madafa da banɗaki, yana cikin hanyoyin da iyalai suka fi bi wajen yin hutu a Tafkin Kariba, wanda ke kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Tafkin ya samu ne bayan da aka datse Kogin Zambezi da madatsar da aka kammala a 1959, ruwa ya ci gaba da taruwa har 1963, ya mamaye kwarin da tsawonsa ya haura kilomita 220. Ta fuskar yawan ruwa, babu tafkin da ɗan Adam ya samar a duniya da ya kai shi. Domin wannan aiki an tayar da 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000 daga ƙauyukansu, kuma ya dace mai yawon shaƙatawa ya san cewa gonaki da kaburburan mutane ne a ƙarƙashin ruwan da yake ratsawa.

Akasarin jiragen suna tashi ne daga garuruwan Kariba da Binga a ɓangaren Zimbabuwe, ko Siavonga a ɓangaren Zambiya. Galibi iyali kan ɗauki jirgin ne gaba ɗaya na kwanaki, tare da ma'aikatansa: matuƙi, da kuku, da mai kula da igiyoyi da ƙananan kwale-kwale. Wasu masu haya kan taho da cefanensu kuku ya dafa, wasu kuma su biya a tanadar musu komai. Kuɗin mai da na shiga gandun daji sau da yawa daban ake lissafa su, don haka ana bukatar a fayyace wannan tun kafin a ba da kafin alƙalami.

Tafiyar rana ake yi. Kafin faɗuwar rana matuƙi kan nemi wani lungu da iska ba ta bugawa, ya kafa gaban jirgin a gaɓa, a ɗaure shi da igiyoyi a jikin itatuwa ko turaku. Dalilin haka shi ne busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun shekarun farko, waɗanda har yau suke tsaye, wasu rassansu a sama, wasu a ɓoye dab da fuskar ruwa, ga kuma iskar da kan taso ba zato ta tayar da igiyar ruwa mai ƙarfi. Wurin da aka fi son kwana shi ne gaɓar Gandun Dajin Matusadona, inda aka saki da yawa daga cikin dabbobi kimanin 6,000 da aka ceto lokacin da ruwa ke hauhawa. A nan giwaye da ɓauna kan sauko cin ciyawar bakin ruwa da yamma, yara na kallonsu daga saman jirgi. Da safe a shiga ƙaramin kwale-kwale mai inji a tafi fatsar tsage, kifin nan mai kaifin haƙori da ya yi wa tafkin suna. Da dare kuwa a kan hangi fitilun masu kamun kapenta, ɗan ƙaramin kifin da aka kawo daga Tafkin Tanganyika a shekarun 1960.

Babban abin da iyali ba za su yi sakaci da shi ba shi ne kada da dorina, domin tafkin cike yake da su. Ba a iyo a bakin gaɓa ko kaɗan, ba a kuma barin yaro ya zura ƙafa a ruwa ko ya sauka tudu shi kaɗai. Shi ya sa jirage da dama ke da kejin ƙarfe da ake saukarwa cikin ruwa a yi iyo a ciki, ko ɗan kwarmin wanka a kan jirgin. Umarnin matuƙi a wannan fanni ya fi ƙarfin ra'ayin kowane baƙo, kuma haka ya kamata. Yankin na da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka gidan sauro da maganin rigakafi wajibi ne.

Lokacin da ya fi dacewa da masu ƙananan yara shi ne daga Mayu zuwa Agusta, sa'ad da babu ruwan sama kuma gari ya yi sanyi. Watan Oktoba yana da tsananin zafi, ko da yake masu fatsa sun fi son sa, domin a lokacin ne aka saba gudanar da gasar kamun tsage ta shekara-shekara.