Waiwaye: Yadda aka daina jiran sai yaro ya suma a filin ƙwallon kwando

Zariya ba baƙuwa ba ce a ƙwallon kwando. Wasan da James Naismith ya ƙirƙira a Amurka a 1891 ya samu gindin zama a Samaru, a filayen Jami'ar Ahmadu Bello, inda koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ake kira OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa. A nan Masai Ujiri ya koyi wasan yana yaro, kafin ya je ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2019. Makarantun sakandare ma sun kama, gasar Milo kuma ta ƙara wa ɗalibai maza da mata kwaɗayinsa. Abin da bai iso mana da irin wannan saurin ba shi ne sanin abin yi idan kan yaro ya bugu.

Da yawa na ɗaukar kwando wasa mai sauƙi, tunda ba dambe ba ne. To amma 'yan wasa goma ne a fili mai tsawon mita 28 da faɗin 15, kuma in ƙwallo ta dawo daga kwando kowa sama yake yi, gwiwar hannun dogo daidai kan gajere. Wani kuma a ture shi yana sama, ya sauko da ƙeya. A ƙasashen da suka tsara dokokin nan katako ne ke tarbarsa, mu kuwa yawancin filayenmu siminti ne. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar moɗa a cikin randa: in aka jijjiga randar, sai moɗar ta bugi gefe. Ba lallai a ga jini ko kumburi ba, hoton asibiti ma sau da yawa ba ya nuna komai, amma aikin ƙwaƙwalwar ya rikice. Binciken da aka yi a makarantun Amurka ya nuna 'yan mata sun fi maza samun wannan rauni a ƙwallon kwando.

Likitoci sun fara kula da lamarin ne ta kan 'yan damben zamani. A 1928 Harrison Martland ya rubuta bayanin tsofaffin 'yan damben da ke tafiya suna tangaɗi, harshe ya yi nauyi, saboda dukan da kansu ya sha. Duk da haka an shafe shekaru ana auna girman rauni da abu ɗaya, wato suma. In ɗan wasa bai suma ba, to ya sha ruwa ya koma. Har a ƙa'idojin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 1997, an yarda wanda alamominsa suka gushe cikin minti 15 ya koma wasa a ranar. Alhali tun 1984 wasu likitoci biyu, Saunders da Harbaugh, sun yi bayanin abin da kan faru in an sake bugun kan da bai warke ba: ƙwaƙwalwa na iya kumbura nan take, kuma matasa abin ya fi samu. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru, mutuwa ce ko naƙasa.

A 2001 aka yi taron ƙwararru na farko kan wannan batu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, da hannun FIFA da kwamitin Olamfik na duniya. Aka ci gaba da irinsa a 2004, 2008, 2012, 2016, sai na Amsterdam a 2022. A hankali aka watsar da tsohon ma'aunin, domin an gano cewa cikin mutum goma da ƙwaƙwalwarsu ta jijjigu, da ƙyar ake samun ɗaya da ya suma. Taron 2012 ya yanke magana: babu komawa wasa a ranar da abin ya faru, ko wane ne.

Akwai hannun ɗan Nijeriya a wannan tarihi. Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambara da ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙwallon nan ta Amurkawa da ake gwabza kai, bayan rasuwarsa a 2002, ya kuma wallafa lahanin da ya gani a cikinta a 2005. Masu kuɗin wasan sun so su ƙaryata shi, daga baya dole suka sauko. Sai dai a yi adalci, abin da ya gano ya shafi waɗanda suka shafe shekaru ana bugun kansu ne, ba dalili ba ne na hana yaro kwando.

Wanda labarinsa ya fi kusa da yaranmu shi ne Zackery Lystedt. A 2006, yana ɗan shekara 13, kansa ya bugi ƙasa a wasan makaranta a jihar Washington. Bai suma ba. Ya ɗan huta, aka mayar da shi, da aka tashi wasa ya yanke jiki ya faɗi. An yi masa aiki a kai, ya rayu, amma da naƙasa. Iyayensa suka dage har jihar ta kafa doka da sunansa a 2009: a wayar da kan koci da iyaye, a fitar da duk yaron da ake zargin ya samu raunin, kada ya dawo sai da takardar ma'aikacin lafiya da ya san aikin. Zuwa 2014 duk jihohin Amurka 50 sun yi irinta. Hukumar wasannin sakandare ta ƙasar ta sauya dokar alƙalan wasa a 2010. A da sai yaro ya suma alƙali ke fitar da shi, yanzu alama ɗaya ta isa. NBA ta biyo baya a 2011.

A ganina, darajar wannan doka ita ce ta cire hukunci daga hannun yaro. Mu a nan, in ɗan wasa ya faɗi, sai a ɓula ledar ruwa a zuba masa a kai, abokai na cewa, "Tashi mana, kai fa namiji ne!" Koci ya tambaya, "Yaya, za ka iya?" Yaron da ke mafarkin a ɗauke shi zuwa waje, ga 'yan makarantarsu na kallo, me zai ce in ban da, "Zan iya, Malam"? Ba mugunta koci ya yi ba, haka shi ma aka yi masa. Amma an tambayi ƙwaƙwalwar da ta rikice ta yanke wa kanta hukunci. Tambayoyin da ƙwararru suka tsara daban ne: wane fili muke? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa muka buga wasan da ya wuce? In ya yi kame-kame, ko yana jin jiri, ko ya tashi yana layi, ko ya ƙura ido wuri ɗaya, wasansa na yau ya ƙare. Wannan ba ya buƙatar ko sisi.

Muna da wani tarko namu na daban, wato zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya dawo gida da ciwon kai da amai, sai a aika kemis a sayo magani, ba wanda ya san ya faɗi a fili, shi kuma ya yi shiru don kada a hana shi wasa. Shi ya sa wajibi ne malamin wasanni ya sanar da iyaye a ranar, in makarantar kwana ce ya sanar da mai kula da ɗakin. Jinin da ke taruwa a cikin kai kan bar mutum yana hira lafiya lau na 'yan sa'o'i kafin ya kayar da shi. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, gani bibbiyu, barcin da ake tashin yaro da ƙyar, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga irin ta farfaɗiya: ko ɗaya aka gani, a nufi asibiti, kuma ga Asibitin Koyarwa a Shika. In yana kukan wuya tun a fili, kada a ɗaga shi, balle a goya shi a babur.

Shawarar jinya ma ta sauya. A da cewa ake a kwantar da yaro a ɗaki mai duhu har sai ya warke. Taron Amsterdam ya ce hutun kwana ɗaya zuwa biyu ya isa, a rage kallon waya, sannan ya fara tattaki a hankali. Komawa wasa mataki shida ne, kowanne aƙalla awa 24, daga tafiya zuwa sassarfa, zuwa jifan kwando shi kaɗai, har zuwa atisayen da ake gogayya, wanda sai likita ya amince. In ciwon kai ya taso, a koma baya. Komawa aji ke gaba da komawa fili, kuma yawancin yara kan warke cikin mako huɗu.