Zoben Ƙafar Kaza: Mene Ne Shi, Kuma Yaya Ake Aiki da Shi?

A shagunan masu sayar da kayan kiwon kaji, kusa da mazubin ruwa da na abinci, akan ga 'yar leda cike da ƙananan zobba masu launi, wasu da lamba a jikinsu, wasu babu. Su ne ake kira zoben ƙafa, wasu kuma su ce zoben shaida. Ɗan ƙaramin abu ne na roba ko na alminiyam da ake sa wa kaza, ko zabo, ko tattabara, a ƙwaurinta, wato tsakanin gwiwa da yatsu, don a riƙa gane ta daga sauran. Ba magani ba ne, ba ya ƙara ƙwai, ba ya kuma hana sata. Suna ne kawai da aka rataya wa tsuntsuwa a ƙafa.

Yi wa kaza shaida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Matan gida sun daɗe suna ɗaura wa kajinsu ƙyallen atamfa a fiffike, ko zare a ƙafa, ko su shafa musu galura a baya, wasu ma har su datse kan yatsa ɗaya tun kaza tana 'yar tsako. Sai dai wannan shaidar tambaya ɗaya take amsawa: kazar wane gida ce? Zobe kuwa yana amsa tambayar da ta fi wannan wuya: a cikin kajin gidan, wacce ce wannan? Mai kaji biyar na gida, wannan wake-wake, waccan ja, waccan mai tukku, ba ta buƙatar zobe, da ido ta san kowacce. Matsalar tana farawa ne ranar da aka sayo Shika Brown talatin, ko wasu jajayen kajin gidan gona, duk kamar an tsaga kara. Zabi ma sun fi muni. In garke biyu suka haɗu a bayan gari, masu su kansu sai sun yi gardama.

Masu nazarin tsuntsayen daji ma sun daɗe suna amfani da zobe mai lamba. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba da adireshi don a san inda suke zuwa in sun yi ƙaura. Har yau ana yin haka, shi ya sa wani lokaci akan kama tsuntsun da ya zo cin rani daga Turai, a wurare irin fadamar Haɗeja da Nguru, da ɗan ƙarfe a ƙafarsa.

Zobban da ake samu a kasuwa kusan iri huɗu ne. Akwai mai naɗi, roba ce da aka murɗa sau biyu ko uku kamar zoben makulli. Ana buɗe bakinsa a riƙa naɗa shi a ƙwauri har ya shige. Shi ya fi arha, ya fi yawan launi, amma ba shi da lamba. Akwai mai maɓalli, wanda ake buɗewa a rufe ya yi ƙas, yawancinsa da lamba a jiki. Akwai na alminiyam da ake matse bakinsa da filaya, wannan ba ya jin rana, lambarsa ba ta gogewa, sai dai ba a karanta shi daga nesa, dole a kama kazar. Na huɗu shi ne rufaffe, wanda ba shi da baki sam. Ana zura shi ne tun tsuntsuwa tana ƙarama, in ƙafa ta girma ba ya fita sai an yanka. Saboda haka ƙungiyoyin masu kajin gasa da masu tattabarun tsere a Turai suka riƙe shi a matsayin shaidar shekarar ƙyanƙyasa, tunda ba yadda za a yi a sa wa tsohuwar kaza zoben bana.

Wasu kuma suna amfani da igiyar robar nan mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita. Tana aiki, amma tana da mugun hali guda: gaba kawai take tafiya, ba ta komawa baya. In aka bar mata jela, kaza ta riƙa jan jelar da baki, duk ja ɗaya sai ta ƙara matsewa. Wanda zai yi amfani da ita ya datse jelar daf da makullin, kada ya bar tsini.

Girma shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ana auna zobe da faɗin cikinsa, da milimita. Kayan da suka fito daga Amurka kuwa lamba suke zuwa da ita, kowace lamba tana nufin kashi ɗaya cikin 16 na inci. Wato lamba 4 kwatan inci ce, kusan milimita 6. Lamba 7 milimita 11 ce, lamba 9 milimita 14, lamba 11 ta ɗan haura milimita 17, lamba 12 milimita 19, lamba 14 kuma milimita 22. Ɗan tsako na kwanakin farko yana ɗaukar milimita 6. Ƙaramar kazar gida da zabuwa sukan tsaya wajen milimita 14. Babbar kaza mai ƙwai milimita 16 zuwa 18, zakara mai jiki 19 zuwa 22, talotalo namiji ya wuce nan. Irin su Brahma masu gashi a ƙafa a ƙara musu mataki ɗaya, domin gashin ma wuri yake ci.

Amma waɗannan lambobi jagora ne kawai, ƙafar da ke hannunka ita ce gaskiya. A ɗauki zare a zagaya ƙwauri a inda ya fi kauri, a shimfiɗa zaren a kan rula, a raba tsawon gida uku da ɗan ɗoriya, sannan a ƙara milimita 2. In zaren ya nuna milimita 44, faɗin ƙafar 14 ke nan, zoben da ya dace 16. Bayan an sa, a gwada abu uku da yatsa: zoben ya juya ba tare da ya ja fata ba, ya yi sama ya yi ƙasa a ƙwauri, amma kada ya haye gwiwa, kada kuma ya sauko kan yatsu. Wanda ya sauko ya fi wanda ya faɗi haɗari, don yakan kama yatsan baya ya danne shi, kazar ta riƙa ɗingishi ba a san dalili ba.

Lokacin da ya fi dacewa a sa zobe shi ne bayan magariba, sa'ad da kaji suka shiga akurki suka natsu. Ba sa gani sosai a duhu, sai a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya da tocila, ba gudu ba kururuwa. Mutum ɗaya ya rungume kazar a hammata, fikafikanta a rufe, ɗayan ya miƙe ƙafar. A goge ƙwaurin ya bushe kafin a sa. Ga zakara, zoben ya zauna a saman ƙaimi. Rufaffen zobe kuwa yana da nasa salo: a haɗa yatsun gaba uku a zura su, a kwantar da yatsan baya a jikin ƙwauri, a tura zoben ya haye shi, sannan a zaro yatsan da tsinken ashana. Ɗan man girki yana taimakawa. A tattabara ana yin wannan ne tsakanin kwana 5 zuwa 10 da ƙyanƙyasa, gwargwadon iri, na tsere kuma milimita 8 suke ɗauka. A kaji lokacin yakan faɗo tsakanin mako 8 zuwa 12. In an yi sauri zoben ya zube a sheƙa, in an makara ba zai shiga ba, kuma kada a tilasta.

Sai batun abin da launi zai faɗa. Launi shida da ƙafa biyu sun ba da shaida 12 da zobe guda. In aka sa ɗaya a kowace ƙafa, shaida 36 ke nan, muddin an tsayar da ƙa'ida cewa hagu ake fara karantawa, kuma hagun kazar ake nufi, ba hagun mai kallonta ba. Tsarin da ya fi sauƙi ga ƙaramin garke shi ne ƙafar hagu ta ɗauki launin shekara, ta dama ta ɗauki lamba. Masu kaji da dama sun aro tsarin da masu kiwon zuma ke ɗiga wa sarauniya: shekarar da ta ƙare da 1 ko 6 fari, 2 ko 7 rawaya, 3 ko 8 ja, 4 ko 9 kore, 5 ko 0 shuɗi. Da wannan, kazar da aka ƙyanƙyashe a 2025 shuɗi za ta sa, ta 2026 fari. Abu ɗaya da ya kamata a canza a tsarin shi ne ja. Kaji suna bin jan abu da sara, suna ɗaukarsa jini ne, musamman 'yan tsaki da ke cunkushe wuri ɗaya. Gara a sa baƙi a madadinsa.

Me ake yi da wannan sanin? Na farko, shekaru. Kaza mai ƙwai ta fi bayarwa a shekararta ta farko, daga nan tana raguwa kowace shekara, alhali abincin da take ci bai ragu ba. In salla ta matso ana son rage garke, launin ƙafa ne zai nuna tsofaffin, kada a kai sagara kasuwa a bar kakarta tana cin dusa. Na biyu, magani. Kazar da aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta tana da kwanakin da ba a cin ƙwanta ko namanta, an rubuta su a jikin kwalin. In an mayar da ita cikin 'yan'uwanta ba shaida, wa zai tuna wacce ce? Haka rigakafin Niyukasil, annobar nan da ke share akurki da hunturu. Irin wanda ake ɗigawa a ido, kamar I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu, kuma a ranar ɗigawa zobe ne ke hana a yi wa wata sau biyu a tsallake wata. Na uku, iri. Wanda ya san kazar da ke kwanci da kyau ta cika kwana 21 ba ta tashi ba, ya san zakaran da ya haifi waɗanne, shi ne zai iya hana zakara hawa 'ya'yansa shekara da shekaru har iri ya lalace. Duk wannan kuwa sai da littafi. Lamba 17 a ƙafa ba ta faɗin komai in ba a rubuta a wani wuri cewa 17 an ƙyanƙyashe ta a watan Maris, uwarta 4, an yi mata rigakafi ran kaza ba. Kajin nama da ake yankawa a mako 6 zuwa 8 ba su cancanci wannan wahalar ba, a raba su ɗaki-ɗaki ya isa.

Illar zobe kusan duk daga abu ɗaya take fitowa: ƙafa tana girma, zobe ba ya girma. Ɗan tsakon da aka sa wa milimita 6 zai cika shi cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Kafin kaza ta kai girmanta sai an canza mata zobe sau uku ko huɗu, saboda haka masu tasowa a duba su duk mako, manya duk wata. In aka manta, zoben yakan fara yin shata a fata, ƙasansa ya kumbura, sannan nama ya rufe shi har a daina ganinsa. Jini in ya yanke, yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, su bushe. Zare da tsumman gargajiya ma haka suke yi, zare ma ya fi yanka domin siriri ne.

Babbar kaza ma ƙafarta takan ƙara kauri. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa su ɗaga shi, ƙafar ta yi kaushi ta yi fari-fari kamar an shafa mata siminti. Zoben da yake daidai a da sai ya matse. A cire shi tukuna, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, a busar, a shafe ta da basilin duk bayan kwana biyu ko uku na tsawon makonni, sai ɓawon ya kwanta a mayar da zobe. Da damina kuma taɓo da kashi sukan shiga tsakanin zobe da fata su daskare. Zoben naɗi yakan maƙale a ragar waya ko a zaren buhu, kaza ta kwana a rataye. Ranar ƙasarmu kuwa ba ta raga wa roba: ja ya koma ruwan hoda, shuɗi da kore su koɗe har a kasa bambanta su, robar ta yi ƙarfi ta karye. Wanda kajinsa ke yini a rana ya riƙa sabunta na roba duk shekara, ko ya haɗa da na alminiyam a ɗayar ƙafar.

In an tarar zobe ya riga ya nutse, kada a ja shi, kada a murɗa. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri minti goma, mutum ɗaya ya riƙe kazar, a nemi gefen da bai shige nama ba a yanka da ƙaramar filaya mai yanka ko abin yanke farce, a sake yankawa a ɗaya gefen, zoben ya rabu biyu ya fita da kansa. A wanke miki, a sa aidin, a ware kazar har ya bushe, don 'yan'uwanta in suka ga jini ba za su bar ta ba. In yatsun sun riga sun yi baƙi, ko mikin yana wari, aikin ya zama na likitan dabbobi.

Saboda wannan ɗawainiyar ta canza zobe, masu ƙyanƙyasa da yawa ba sa sa wa 'yan tsaki zoben ƙafa sam. Wasu suna maƙala ɗan ƙarfe mai lamba a fatar fiffike tun ranar farko, a tsakiyar fatar, nesa da jijiyar da ke bakinta, wannan yana zama har tsufa. Wasu kuma suna huda fatar da ke tsakanin yatsu da ɗan abin huji. Kowace ƙafa tana da irin wannan fata biyu, huɗu ke nan gaba ɗaya, kuma tsakanin a huda da a bari ana samun shaida 16. A tabbata ɗan naman da aka huda ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba hujin yakan toshe cikin 'yan kwanaki. Sai kaza ta kai wata huɗu ko biyar, ƙwaurinta ya tsaya, sannan a sa mata zoben da za ta zauna da shi.