Ƙarar tafet: abin da take nufi, da illar kashe ta gaba ɗaya

Kwanan nan kalmar tafet ta cika bidiyoyin gyaran babur a Facebook da TikTok, har ta kai duk ƙarar da inji ya yi sai a ɗora mata. Babur na ƙas-ƙas daga sama, tafet. Yana bugu daga ƙasa, tafet. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ta kamar cutar da dole a kawar, wai gwanin makaniki shi ne wanda ya ɗaure har inji ya yi tsit.

A ƙananan babura, idan aka ce a saita tafet, ana nufin ɗan giɓin da ke tsakanin sukurun roka da kan sandar bawul. Bawul shi ne ƙofar da ke buɗewa mai da iska su shiga silinda ko hayaƙi ya fita, roka kuwa ɗan ƙarfen da ke danna shi ya buɗe. Da gangan masu ƙera inji suka bar shi, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi, musamman bawul ɗin fitar hayaƙi. A Honda CG125 giɓin milimita 0.08 ne, a ƙananan Honda Cub 0.05, wato kusan kaurin gashin kai. Kowane babur da nasa, yana cikin littafinsa. Muddin akwai giɓi, za a ji ɗan cak-cak siriri a jere, kuma wannan ƙarar lafiya ce.

Ga abin da ke faruwa idan aka kashe ta. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan babu giɓi, da inji ya yi zafi sanda ta miƙe, roka ya riƙe bawul a ɗan buɗe. Bai zauna ba balle ya huce, ga wuta tana bi ta gefensa tana cin bakinsa. Matsin cikin silinda ya ragu, babur ya ƙi tsayawa a silo, ya riƙa mutuwa idan ya yi zafi, a yi ta kiki kafin ya tashi. Sai a dinga zargin kafireto da fulogi, alhali bawul ne ke ƙonewa. Wani abin da ba a cika faɗa ba: giɓin yakan ragu da kansa, saboda bawul yana nutsewa cikin mazauninsa da tsufa. Don haka injin da ya daina cak-cak ba tare da an taɓa shi ba ya fi ba ni tsoro a kan mai ɗan surutu. Giɓin da ya yi yawa shi ma yana da illa, yana dukan kan sanda yana rage ƙarfi, sai dai shi yana sanar da kansa.

Ba a saiti da kunne, kuma ba a yi idan inji yana da zafi. A bari ya huce sarai, ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Celsius. A cire fulogi da murafen bawul, a juya maganeto har alamar T ta yi daidai da tsagar jikin inji. A nan ake yawan kuskure: kam, wato ƙarfe mai tudu da ke motsa roka, yana zagaye ɗaya ne duk zagaye biyu na kiranshaf, wato sandar da maganeto ke kanta, don haka T tana zuwa sau biyu. Wadda ake so ita ce ta lokacin matsi, inda roka biyun ke ɗan motsi idan aka girgiza su da yatsa. In sun ƙage, a ƙara zagaye ɗaya. Sai a sassauta noti, a zura fila geji, wato siririn ƙarfen awon giɓi, a juya sukuru har gejin ya riƙa wucewa da ɗan ja. A riƙe sukurun kada ya bi noti wajen ɗaurewa, a juya inji sau biyu, a sake aunawa.

Idan an saita daidai ƙarar ba ta tafi ba, kada a ƙara ɗaurewa. A duba kan sandar bawul da bakin sukuru. In sun yi rami, gejin zai haye ramin ya ba da awon ƙarya, sai an canja su. A duba fuskar roka da tudun kam ko sun zaizaye. In kan inji a bushe yake, baƙin mai ne ba ya hawa, a duba yawansa da rariyar tacewa kafin komai.

Sauran ƙararrakin da ake laƙaba wa tafet suna da nasu kamanni. Sarƙar taimin da ta saki tana kacau-kacau ne a gefe guda, ba a jere ba, kuma tenshina mai ɗame ta ko sarƙar ce matsalar. Gasket ɗin bakin salansa da ya fashe yana yin tas-tas mai kama da tafet, amma za a ga baƙin hayaƙi a wurin. Dogon sukundireba yana raba gardama: a ɗora bakinsa a kan murfin bawul, ƙotarsa a kunne, sannan a silinda, sannan a ƙasan inji. Idan bugun mai nauyi ne, daga ƙasa yake, kuma yana ƙaruwa idan an ja totur da kaya, wannan boris ɗin kanaktin rod ne, wato sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf. A kashe babur ɗin nan take, aikin buɗe inji ne.